Sharhi Kan Kyamarar Tsaro Mai Waya da Na Kafa a Mashigar Motar Gidana

Wata takwas ke nan da na kafa wannan kyamara a bangon gareji, fuskarta na kallon hanyar da mota ke bi daga bakin titi zuwa cikin gida. A tsawon wannan lokaci ta sha rana, ta sha ruwan sama da ƙura, ni kuma na hau tsani saboda ita fiye da sau goma, don haka ina ganin na san ta sanin da zai ba ni damar yin magana a kanta. Irin mai waya ce da ake kira PoE, wato waya guda ce ke kai mata wuta, ita ce kuma ke ɗauko hoton. Hotonta 4K ne, ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, gilashinta kuma yana zuƙowa daga milimita 2.8 zuwa milimita 12. Tana da fitilun da ido ba ya ganin haskensu, tana da farar fitila, kuma tana bambance mutum da mota. Kamfanoni da dama suna ƙera kyamarori masu wannan siffa, kuma abin da zan faɗa ya shafi siffar fiye da tambarin da ke jikinta. Hukuncina a kanta shi ne, ta cancanci wurin da na ba ta, amma sai da na fahimci abin da mashigar mota ke bukata sannan ta fara yi mini amfanin da na saye ta dominsa.

Kafin ita, wata ƙaramar kyamara mai batir ce a wurin, wadda na zaɓa saboda sauƙin kafawa: sukurori biyu, sai a haɗa ta da intanet ɗin gida. Wani dare na bar mota a tsakiyar hanyar ban kulle ta ba, da gari ya waye sai na tarar an buɗe ƙofar direba an kwashe abin da ke cikin aljihun gaba. Na buɗe manhajar da tabbacin zan ga fuskar wanda ya shigo, amma abin da na samu bidiyo ne na daƙiƙa goma sha biyu, wanda ke nuna bayan wani mutum mai doguwar riga yana fita, har ya ɓace a duhun bakin titi. Shigowarsa da tsayuwarsa a jikin mota duk babu su. Daga baya na gane cewa haka irin wannan kyamara take aiki tun asali. Don batirinta ya daɗe, barci take yi har sai wata 'yar na'ura mai jin ɗumin jiki ta tashe ta, kuma tashin yana ɗaukar ɗan lokaci. Bugu da ƙari, wannan na'ura ta fi jin abin da ya gitta ta gabanta daga gefe zuwa gefe fiye da abin da ya nufo ta kai tsaye, alhali kuwa mashigar mota doguwar hanya ce siririya da ke kawo mutum kai tsaye zuwa inda kyamara take. Ga ƙofar ɗaki ko baranda, inda mutum zai zo ya tsaya, kyamara mai batir tana iya wadatarwa. Ga hanyar mota mai tsawon mita 15 irin tawa, ta gaza a daidai lokacin da na bukace ta.

Wannan ne ya sa na koma ga mai waya, wadda ba ta barci, take naɗar hoto dare da rana. Idan ta ga mutum sai ta sa alama a kan wannan lokacin, amma abin da ya faru kafin alamar da bayanta duk yana nan, mutum ya koma baya ya kalla. A wurina wannan ne babban alherinta, kuma shi kaɗai ya biya wahalar kafa ta. Wahalar kuwa akwai ta. Sai da na huda bango, na bi da waya ta cikin silin har ɗakin da akwatin naɗin hoto yake, aikin da ya cinye mini yini guda. Abin da ya sauƙaƙa shi ne ba a bukatar soket kusa da kyamarar, domin ƙa'idar 802.3af, wadda aka fitar a 2003, ta ba da damar tura wuta har wat 15.4 ta cikin wayar intanet, kuma wayar tana iya kai tsawon mita 100 ba tare da hoto ya yanke ba. Jikin kyamarar yana ɗauke da lambar IP66, ma'ana ƙura ba ta shiga kuma tana jure feshin ruwa mai ƙarfi, kuma ban ga raɓa a cikin gilashinta ko sau ɗaya ba. Inda ruwa ke yi wa irin waɗannan kyamarori ɓarna shi ne mahaɗar waya, shi ya sa ɗan murfin roba da ke zuwa a cikin kwali, wanda ake saurin jefarwa, ya zama dole a sa shi, a kuma ɓoye mahaɗar a cikin akwati.

Da farko na kafa ta kusa da bakin rufi, wajen mita 4 daga ƙasa, don kada hannu ya kai gare ta. Hoton ya yi kyau a ido, ana ganin hanyar gaba ɗaya, sai dai duk wanda ya matso kusa, tsakiyar kansa kawai ake gani, idan kuwa yana sanye da hula mai baki to fuskar ta tafi. Na sauko da ita zuwa mita 2.7, inda har yanzu sai da tsani ake taɓa ta, amma tana kallon fuska maimakon ƙoƙon kai.

Batun zuƙowa shi ne inda na fi koyon darasi, kuma shi ne abin da nake so duk mai neman kyamarar mashigar mota ya tsaya ya yi tunani a kai. Masu talla suna alfahari da faɗin gani, kuma da na kunna tawa a karon farko na bar ta a buɗe gaba ɗaya, kusan digiri 105, ina jin daɗin ganin hanya da lambu da katanga da wani yanki na titi a hoto guda. Matsalar ita ce, yawan ɗigon hoto ƙayyadadde ne, kuma gwargwadon faɗin filin da aka shimfiɗa su a kai, gwargwadon ƙarancin waɗanda za su faɗa kan fuskar mutum. An ba da ma'auni na ƙasa da ƙasa a kan wannan a cikin bugun 2014 na ƙa'idar IEC 62676-4, wanda masu aikin kafa kyamara suka daɗe suna amfani da shi: ɗigo 25 a kan kowace mita sun isa a san cewa akwai mutum a wurin, ɗigo 125 sun isa a gane wanda aka riga aka sani, amma kafin a tantance baƙon da ba a taɓa gani ba sai an sami ɗigo 250. Da na yi lissafi, sai na ga cewa a buɗe gaba ɗaya, filin da kyamarar ke gani a nisan mita 15 ya kai faɗin mita 39, wato ƙasa da ɗigo 100 ke nan a kan kowace mita. Ma'anar wannan ita ce, a bakin mashigar, inda kowa zai bi ya shigo, ko maƙwabcina ba lallai in gane shi ba, duk da 4K ɗin da ke rubuce a jikin kwali. Sai mutum ya matso kusan mita 6 sannan fuskarsa ta kai matakin tantancewa.

Na zuƙo gilashin har ganin ya tsuke zuwa kusan digiri 50. Lambu ya fita daga hoton, rabin katanga ma ya fita, amma faɗin fili a bakin mashigar ya dawo kusan mita 14, ɗigon kuma ya haura 270 a kan kowace mita. Da rana yanzu ina iya tsayar da bidiyo in karanta rubutun da ke jikin rigar mai kawo saƙo tun yana bakin titi. Ya kamata a bambance wannan zuƙowa ta gilashi da wadda ake yi da yatsa a kan allon waya, domin ta yatsa ƙara girman ɗigon da ake da su kawai take yi, ba ta ƙaro ko ɗaya. Wanda hanyarsa gajeriya ce, mita 5 ko 6, ba ya bukatar gilashi mai zuƙowa, mai tsayayyen gilashi na milimita 4 zai yi masa. Wanda tasa ta wuce mita 10 kuwa, ina ganin gilashi mai zuƙowa ya fi masa amfani nesa ba kusa ba a kan ƙarin miliyoyin ɗigo.

Da dare ne kyamarar ta nuna iyakarta, kuma a nan ne nake da ƙorafi na gaskiya. Idan babu abin da ke motsi, hoton dare yana fitowa fes, baƙi da fari, har ana ƙirga tubalan katanga. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai, don haka wani dare na sa ɗana ya fita bakin titi, ya gitta mashigar da tafiyarsa ta kullum, sannan ya shigo har jikin mota. Muka koma ciki muka riƙa tsayar da bidiyon hoto bayan hoto. A mafi yawansu fuskarsa ta zama farin tabo mai jela, kamar an shafa yatsa a kan ɗanyen fenti, shi da kansa ya ce, "Baba, ai ko ni ban gane kaina ba." Dalilin yana cikin yadda kyamara ke tara haske. Idan duhu ya yi, takan jinkirta ƙiftawarta don haske ya taru, ta bar idonta a buɗe na kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa ko ma fiye da haka. Mai tafiyar ƙafa yana cin kusan mita 1.4 a daƙiƙa guda, saboda haka a cikin wannan ƙiftawar ya riga ya gusa da kusan santimita 5, wanda ya isa ya goge ido da hanci. Na shiga saituna na hana ta jinkirta ƙiftawa fiye da kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa. Hoton ya ƙara duhu, ya kuma yi tsaki-tsaki, amma fuskar ta tsaya. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda aka binne wannan saiti a can cikin manhaja, da kuma yadda saitin da kyamarar ta zo da shi ya fifita kyawun hoton da ba ya motsi a kan amfanin hoton mai motsi. Mai sayen da bai yi irin wannan gwaji ba zai zauna da kwanciyar hankali har ranar da zai nemi fuska ya rasa.

Wani ɓangare na laifin yana kan girman farantin da ke karɓar haske a bayan gilashi. Na tawa ƙarami ne, wanda ake rubutawa 1/2.8, kuma an cusa ɗigo sama da miliyan 8 a kansa, don haka kowane ɗigo ɗan mitsitsi ne, hasken da yake samu kaɗan ne. Kyamara mai ɗigo miliyan 4 a kan faranti mai girman 1/1.8 tana da ɗigon da filinsa ya kai kusan ninki huɗu na wannan, kuma da dare bambancin yana fitowa fili. Da yau zan sake saye, lambar farantin zan fara dubawa kafin lambar miliyoyin. Abin da ya cike mini giɓin shi ne wata fitila ta daban da na kafa a gefen hanyar, tana kunne duk dare. Farar fitilar da ke jikin kyamarar tana kunnuwa idan ta ga mutum, tana ba da hoto mai launi har nisan mita 6 ko 7, kuma tana sa mai shigowa ya ɗaga kai ya dube ta, wanda hakan kan ba da fuska sosai, amma haskenta ba ya kaiwa bakin titi da ƙarfin da za a dogara da shi.

Lambar mota kuwa, da dare, gara kada mai saye ya sa rai. Da rana tana karanta lambar duk motar da ta shigo a hankali. Da dare abubuwa biyu ne ke haɗuwa su hana: fitilun motar suna haska gilashin kai tsaye su dushe duk abin da ke kewaye da su, sannan allon lamba, idan irin mai mayar da haske ne, yana dawo wa kyamarar da hasken fitilunta na ɓoye, waɗanda ido ba ya ganin haskensu, sai ya zama farin allo babu rubutu. Saitin WDR, wanda ke daidaita wuri mai haske da mai duhu a hoto guda, yana taimakawa da yamma lokacin da rana ke faɗuwa ta bayan mashigar, amma bai iya da fitilun mota ba. Idan aka rage haske aka hanzarta ƙiftawa har lamba ta fito, sai duk sauran hoton ya zama baƙi ƙirin, fuska ta ɓace. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma kyamara guda ba za ta ba da fuska da lamba a dare guda ba.

Wajen sanarwa ba ni da abin cewa sai yabo. Tsohuwar kyamarata takan tashe ni saboda kyanwa ko inuwar reshe, har na kai ga kashe ƙarar sanarwar gaba ɗaya, wanda hakan daidai yake da rashin kyamarar. Wannan tana tantance siffar mutum da ta mota a cikin kanta, ba sai ta aika hoto wani wuri ba, kuma na ja layi a kan hoton daidai bakin mashigar, na ce ta sanar da ni idan an ƙetare shi kawai. Motocin da ke wucewa a titi ba sa damuna. Kuskurenta kaɗan ne, kuma mafi yawansa daga gizo-gizo yake: fitilun ɓoye suna jawo ƙwari, ƙwari suna jawo gizo-gizo, zare guda na saƙarsa a gaban gilashi kuma yana haskawa da dare kamar igiya fara. Duk mako biyu nakan share ta da burushi mai dogon hannu. Haka nan, lokacin da take kusa da farin bango, hasken fitilunta yakan bugi bangon ya dawo, kyamarar ta rage haske, can nesa ya yi duhu. Da na ɗan karkata ta har bangon ya fita daga hoto sai matsalar ta kau.

Ajiyar bidiyo tana bukatar ɗan lissafi kafin saye. Tawa tana naɗa a kan megabit 8 a daƙiƙa da tsarin matse bidiyo na H.265, abin da ke cin kusan gigabait 86 a kowace rana. Katin ajiya mai gigabait 256 ba zai wuce kwana uku ba kafin sabo ya fara hawa kan tsoho, faifai mai terabait 2 kuma yana riƙe kusan kwana 23. Na haɗa biyun: faifan yana cikin akwatin naɗi a cikin gida, katin kuma yana jikin kyamarar yana ajiye lokutan da aka ga mutum ko mota kaɗai. Katin ya zama irin wanda aka yi domin naɗi ba tsayawa, don na gama-gari yana saurin mutuwa da yawan rubutu. Babu kuɗin wata-wata da nake biya kafin in kalli abin da kyamarata ta ɗauka, kuma idan intanet ta yanke naɗi ba ya tsayawa, sanarwar waya ce kawai ke tsayawa. Yankewar wuta ce ke kashe ta, shi ya sa na haɗa akwatin naɗin da batirin ko-ta-kwana, kuma tun da daga akwatin kyamarar ke shan wuta, batir guda ya riƙe su duka.

Akwai abu biyu da suka shafi amana waɗanda ba na so a ɗauke su da wasa. Na farko, kyamara ƙaramar kwamfuta ce da ke haɗe da intanet, kuma a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗaruruwan dubban na'urori, ciki har da kyamarori da akwatunan naɗi, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta waɗanda masu su ba su taɓa canzawa ba. Tawa ta tilasta mini ƙirƙirar sabuwar kalmar sirri tun a kunnawar farko, kuma na yaba da hakan. Tana kuma bin tsarin ONVIF, wanda kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008 don kyamarar wani kamfani ta iya aiki da akwatin naɗin wani, saboda haka idan na canza akwati gobe ba sai na jefar da ita ba. Na biyu shi ne haƙƙin maƙwabci. Ko bayan na zuƙo gilashin, ƙofar gidan da ke tsallaken titi tana shigowa saman hoton. Kyamarar tana ba da damar rufe wani yanki da baƙin tabo ta yadda ko a naɗi ba zai fito ba, na rufe ƙofar, sannan na je na nuna wa mai gidan hoton a wayata don ya gani da idonsa. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kotun Tarayyar Turai, alal misali, ta yanke hukunci a 2014 cewa kyamarar gida da ke ɗaukar wurin da jama'a ke bi tana shiga ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane. Naɗar murya ma ya fi naɗar hoto tsauri a wurare da yawa, don haka na kashe makirfon ɗin tawa.

Ina ba da shawarar irin wannan kyamara ga wanda hanyar motarsa ke da tsawo, wanda kuma zai iya jan waya ko ya sa a ja masa. Mai haya da ba a yarda ya huda bango ba, ya nemi mai aiki da Wi-Fi wadda ake sa wa wuta daga soket kuma take naɗa ba tsayawa, ya tabbatar siginar tana kaiwa wurin kafin ya kafa ta. Ko wacce aka saya, kafin a huda rami ko ɗaya a ɗaure ta na wucin gadi a inda ake so, a jira dare ya yi, a sa wani ya taka daga bakin titi zuwa jikin mota, sannan a tsayar da bidiyon a duba fuskarsa. Ni yanzu ina shirin ƙara ta biyu a ƙasa-ƙasa kusa da bakin mashigar, a ɗan karkace daga saitin fitilun mota, in zuƙo ta iyakar zuƙowa in hanzarta ƙiftawarta, aikinta ya zama lambar mota kaɗai, wannan kuma ta ci gaba da kula da fuska.